Gida da Masara: Yadda Siyasar Shehu Shagari Ta Ɗaga Shi, Ta Kuma Kayar da Shi

Duk wanda aiki ke kai shi Sakatariyar Tarayya a nan Abuja ya taka titin Shehu Shagari, ko ya kula ko bai kula ba. Samarin da ke ɗaukar fasinja a kan titin da yawansu ba su san fuskar mai sunan ba. Ga shi kuwa garin nan ne ya ga ƙarshen labarinsa har sau biyu. A nan yake lokacin da sojoji suka zo kama shi a juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, a nan kuma Allah Ya karɓi abinSa a Asibitin Ƙasa ranar 28 ga Disamba 2018, yana da shekara 93.

Akwai wani dattijo da muke sallar Magariba tare a Garki, tsohon magini ne da ya zo Abuja tun ana sarar daji, a zamanin mulkin Shagarin. In hira ta biyo ta kan siyasar da, maganarsa ɗaya ce: mutumin kirki ne, mutanensa ne suka cuce shi. Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba, kusan duk wanda ya ga zamanin haka zai ce maka. Ni kuma a gidan 'yan PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, na tashi, inda ba a ambaton NPN, jam'iyyar Shagari, da alheri, don haka na daɗe ina juya wannan magana ta Baba a raina. Abin da na tsaya a kai shi ne, maganar gaskiya ce, amma rabinta na farko da na biyu ba sa rabuwa. Halin da ya sa aka kira shi mutumin kirki, shi ne dai halin da ya bar wa mutanen nasa ƙofa a buɗe. Wannan nake so in warware.

Sai mun fara daidaita abin da ake nufi da ra'ayin riƙau, ko ra'ayin 'yan mazan jiya, domin kalmar tana rikita mutane. A Amurka ko Ingila, in an ce ɗan siyasa mai ra'ayin riƙau ne, yawanci ana nufin mai son a rage haraji, gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa. A Arewacin Nijeriya ba a kan haka aka rabu ba. An rabu ne a kan sarauta da En'e, wato hukumar mulkin gargajiya: wa ke yanka haraji, wa ke riƙe da kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari, kuma shin talaka yana da bakin magana a kansu. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta ce tsarin ne kansa ke danne talaka, sai an tumɓuke shi. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC ta Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ta ce a'a, a gyara a hankali, daga sama, ba tare da an zubar da girman manya ba. Waɗancan suna kiran sawaba, waɗannan suna kiran salama. A cikin waɗannan kalmomi biyu akwai dukkan rikicin.

Shehu Usman Aliyu Shagari ɗan gidan salama ne tun daga tushe. An haife shi a 1925 a garin Shagari, cikin gidan sarautar garin. Ya yi karatu a Yabo da Midil ta Sakkwato da Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Barewa, ya fito ya kama aikin malanta, har ya riƙe makaranta a Argungu. A 1954 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya a Legas. A 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, daga nan kuma sai kujerun minista bi da bi: raya tattalin arziki, harkokin cikin gida, ayyuka. A 1962 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato. Da aka kashe Sardauna da Ɓalewa a Janairun 1966, ya tattara ya koma gida ya ci gaba da hidimar ilimi. Janar Gowon ya sake kiransa a 1970 ya ba shi aikin sake gina ƙasa bayan yaƙin basasa, sannan a 1971 ya gaji Cif Awolowo a ma'aikatar kuɗi, yana nan har 1975. A hannunsa aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a farkon 1973.

Abin lura a wannan doguwar tafiya ba yawan kujerun ba ne. Mutumin ya yi shekara ashirin da wani abu a tsakiyar gwamnati ba a san shi da abokin gaba ba. Bai taɓa zama jagoran ɓangare ba, bai gina rundunar magoya baya ta kansa ba. Abin da ya ƙware a kai shi ne zama a teburin da manya ke jayayya, ya saurari kowa, a tashi ba a ɓata ba. A ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramar baiwa ba ce, kuma ita ce ta kai shi inda bai nema ba. Sanannen abu ne cewa kujerar sanata ya so nema a 1979. Amma NPN da aka kafa a 1978 taron manya ce: tsofaffin 'yan NPC, attajiran Kudu, shugabannin ƙananan ƙabilu irin su Joseph Tarka wanda a da babban abokin adawar NPC ne. Irin wannan taro ba ya son jagora mai kaifi da zai fi ƙarfin sauran. A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar akwai Maitama Sule mai baiwar magana, akwai Adamu Ciroma mai kaifin tunani, akwai Olusola Saraki mai dukiya, amma aka tsaya a kan wanda kowa ke ganin zai iya zama da shi. Aka yi rabo: shugaban ƙasa daga Arewa, mataimaki Alex Ekwueme daga Gabas, shugaban jam'iyya Adisa Akinloye daga Yamma, shugaban majalisar dattawa Joseph Wayas daga ƙananan ƙabilun Kudu. Wannan karɓa-karɓa da rabon muƙamai da har yau jam'iyyu ke rigima a kai, a gidan NPN aka raine shi.

Ya kamata a ba su haƙƙinsu a nan, ni ma da na tashi a gidan adawa na yarda da shi. A zaɓen 1979, jam'iyyu biyar ne, amma NPN ce kaɗai ta yi kama da ta ƙasa. UPN ta Awolowo ta kwashe Yamma da Bendel, NPP ta Azikiwe ta ɗauki Imo da Anambra da Filato inda Solomon Lar ya zama gwamna, PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, GNPP ta Waziri Ibrahim ta ci Barno da Gongola. NPN ta ci jihohi bakwai, daga Sakkwato da Bauchi da Neja har Binuwai da Kwara da Ribas da Kuros Riba. Ɗan Fulanin Sakkwato ya samu ƙuri'u a gaɓar teku, shekara tara kacal bayan yaƙi.

Sai dai nasarar ta zo da tabo. Tsarin mulki ya ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu kashi ɗaya bisa huɗu a cikin biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya samu ƙuri'a kusan miliyan 5.7, Awolowo miliyan 4.9. Ya cika sharaɗin a jihohi 12 cif, amma a ta goma sha uku, wato Kano, ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. To biyu bisa uku na 19 nawa ne? Awolowo ya ce 13 ne, tunda ba a gutsura jiha, don haka a tafi zagaye na biyu. Lauyan NPN Richard Akinjide ya ce 12 ne da biyu bisa uku, don haka abin da ake bukata a Kano shi ne rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'unta, wanda ya kama kashi ɗaya bisa shida, kuma Shagari ya haura wannan. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta karɓi lissafin, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Satumba, alƙali Kayode Eso ya ƙi yarda. Ranar 1 ga Oktoba 1979 Janar Obasanjo ya miƙa masa mulki. Rabin ƙasar kuwa ta shiga jamhuriya ta biyu tana ganin an yi mata wayo da alƙalami.

Ga shi kuma ba shi da rinjaye a majalisa. NPN tana da sanata 36 cikin 95. Dole aka ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba ta kakakin majalisar wakilai da kujerun ministoci, auren da bai wuce 1981 ba. Ka ga gwamnati ce da tun ranar farko rayuwarta ta dogara da a gamsar da manyan kowane yanki. Da me ake gamsar da su? Da muƙami, da kwangila, da lasisin shigo da kaya. A nan ne zaren labarin yake.

Alamar NPN gida ce da masara, kirarinta kuma aminci. Alkawarin a fili yake: matsuguni da abinci. Wanda ke zaton riƙau yana nufin gwamnati ta naɗe hannu, to bai san Shagari ba. Gwamnatinsa ta gina rukunin gidaje a kowace jiha, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Ta ƙaddamar da shirin bunƙasa noma, ta zuba kuɗi a hukumomin raya kogunan ƙasa. Ta tura aikin ƙarafa na Ajakuta gaba, ta buɗe na Aladja a 1982, ga masana'antun murza ƙarfe a Jos da Katsina da Oshogbo. Ta kafa jami'o'in fasaha a Bauchi da Makurɗi da Owerri da Yola da Akure da Minna. A 1981, bayan yajin aikin ƙungiyar ƙwadago, aka sa mafi ƙarancin albashi a naira 125. Abuja kuma, wadda Janar Murtala ya yi wa doka a 1976, a zamanin Shagari ta tashi daga takarda ta koma bulo da siminti, har ya kawo bikin 'yancin kai nan a 1982 don a ga da gaske yake. Baba maginin nan a wannan guguwa ya zo, shi ya sa ba na yi masa gardama in yana yabo. Abin da ya ci da iyalinsa, daga wannan aiki ya fito.

Duk wannan an ɗora shi ne a kan ganga ɗaya. Juyin juya halin Iran na 1979 ya cilla farashin mai sama, har gangar ɗanyen man Nijeriya ta kai wajen dala 40. Aka tsara kashe kuɗi kamar haka za a dawwama. Daga tsakiyar 1981 kasuwa ta cika ta batse, masu saye suka ja baya, man da muke haƙowa ya faɗo daga ganga miliyan biyu a rana har akwai watannin da bai kai miliyan ɗaya ba. Awolowo ya rubuta wa shugaban ƙasa a 1981 yana gargaɗin cewa tattalin arziki na dab da nutsewa, gwamnati ta ɗauki maganar a matsayin adawa. A watan Afrilun 1982 sai ga dokar tsuke bakin aljihu. Kaya suka ɓace a kasuwa, sabulu da madara da shinkafa suka zama abin layi, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata don babu kuɗin waje na sayo kayan aiki, jihohi da dama suka yi watanni ba su biya malamai ba.

Nan ne siyasar sulhu ta nuna iyakarta. Lokacin da tukunya ke cike, raba wa kowa ba ya ɓata wa kowa rai. Da ta koma ƙasa, sai shugabanci ya zama aikin cewa a'a, kuma a faɗa wa na kusa. Lasisin shigo da kaya, wanda aka ƙirƙira don tsimin kuɗin waje, ya zama haja: ɗan jam'iyya ya karɓa ya sayar wa ɗan kasuwa, farashin ya sauka a kan mai saye. Gwamnatin da ta zo da masara a tutarta ta koma shigo da shinkafa ta hannun kwamitin da ministan sufuri Umaru Dikko ke jagoranta, shinkafar kuma ta zama kayan siyasa, manomin da aka ce za a ɗaga ya rasa kasuwar abin da ya noma. A Janairun 1983 dogon ginin hukumar sadarwa ta waje a Legas ya kama da wuta, jama'a kuma suka haɗa gobarar da binciken kuɗi da ake yi. Ba wanda ya kawo hujjar cewa Shagari ya cika aljihunsa. Amma mutanen da ake nunawa da yatsa su ne ginshiƙan da suka ɗora shi, kuma tsarin da ya kawo shi bai ba shi wuƙar yanka su ba. Ko kuwa in ce, wuƙar tana hannunsa, tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon sauke kowane minista, sai dai duk tarbiyyarsa ta siyasa ta koya masa cewa ba a kunyata babba.

Akwai kuma abin da masu yabo ke tsallakewa, ni kuwa ba zan tsallake ba. Aminci da ake kira bai sauka a kan kowa daidai ba. A Janairun 1980 aka kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a majalisar Barno, aka kai shi iyakar Chadi aka ce ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. A Afrilun wannan shekara, manoman Bakolori kusa da Talata Mafara, a jihar shugaban ƙasa kansa, suka tare hanya suna neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane aka ƙona ƙauyuka. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, domin ya nuna inda sulhun ya tsaya: ana zama da manya a daidaita, talakan da ya ɗaga murya kuwa ba a ajiye masa kujera a teburin ba. A Kaduna, majalisar da NPN ta mamaye ta hana Balarabe Musa kafa kwamishinoni, sannan ta tsige shi a watan Yunin 1981, shi da ya soke haraji da jangali kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. A Janairun 1983 kuma, da talauci ya ciji gari, aka ba baƙin da ba su da takardu 'yan makonni su fice, mutum fiye da miliyan ɗaya suka kama hanya, yawancinsu 'yan Ghana. Jakar nan da muke zuba kaya a ciki, wato Ghana Must Go, har yau tana ɗauke da sunan wannan kora.

A ɗaya hannun, shi ne ya yi wa Gowon afuwa, ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida a 1982. Shi ne kuma ya fuskanci tarzomar Maitatsine a Kano a Disambar 1980, inda dubbai suka mutu, ba tare da ya mayar da ƙasar ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ba. Jaridun adawa suna zaginsa kullum, gwamnonin adawa suna taro suna sukar sa, ana kwana ana tashi. Wanda ya rayu a shekarun da suka biyo baya ya san darajar wannan.

Zaɓen 1983 ne ya tsinke igiyar. Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilu, PRP ta riga ta dare gida biyu, santsi da taɓo, GNPP ma ta rabu. Da wannan kaɗai Shagari zai iya cin zaɓensa, kuma an ba shi ƙuri'a sama da miliyan 12. Amma jam'iyyar ba ta tsaya a nan ba, ta so ta haɗiye jihohin adawa. Aka ce ta ci Oyo da Bendel da Anambra da Barno da Gongola da Kaduna, har da Ondo, cibiyar Awolowo. A Ondo gari ya kama da wuta, aka kashe mutane aka ƙona gidaje, daga baya kotu ta mayar wa Michael Ajasin kujerarsa. Ƙasar da ke layin shinkafa aka ce mata ta ƙara son gwamnati fiye da da. Mutane ba su yarda ba.

An ce a zango na biyu ya yi niyyar gyara, kuma akwai alama: ya sauya yawancin ministocinsa, ya kafa ma'aikatar gyaran ɗabi'a ya ba Maitama Sule, ya gabatar da kasafin tsimi a ƙarshen Disamba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu bayan kasafin, muryar Birgediya Sani Abacha ta fito a rediyo. A nan Abuja aka yi musayar wuta tsakanin masu gadin shugaban ƙasa da waɗanda suka zo ɗaukar sa, Birgediya Ibrahim Baƙo ya rasa ransa. Janar Muhammadu Buhari ya hau, kuma a garuruwa da yawa murna aka yi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya gina masa sunan da Baba ke riƙe da shi. An tsare shi a gida a Legas, Ekwueme kuwa aka kai shi Kirikiri. Kwamitin alƙali Samson Uwaifo ya bincike su bai same su da laifin cin dukiya ba, gwamnatin Babangida ta sake su a 1986. Ya koma garinsu ya zauna, bai kafa jam'iyya ba, bai nemi ramuwa ba, yana zuwa taron majalisar ƙoli ta ƙasa yana zama kusa da mutanen da suka kifar da shi. Shekara talatin da biyu ya yi a haka.

Ranar da na gaya wa Baba cewa a ganina wanda aka ba amanar garke ana tambayarsa ɓarnar da garken ya yi, ko da bakinsa bai taɓa ganye ba, ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya ce, ɗana, ka yi gaskiya, amma ku da ba ku ga masu mulki suna sauka da kayan da suka hau da su ba, ba za ku gane abin da muke gani a mutumin nan ba. Na ce masa na gane, Baba, sai dai mutanen Bakolori ma suna da abin da suka gani. Ya ce haka ne, Allah Ya jiƙan su duka. Aka kira Isha'i muka tashi.